Ankon Lafinta

'Yan flat ɗinmu na Al Qusais, a Dubai, cewa suke na ɓatar da su. Ƙarya ne. Daidai inda na nufa na kai su.

A kwalin sabulun da nake sayarwa akwai hoton gonar furen lafinta, shunayya iya ganinka, ga adireshin kamfanin a ƙasa. To ina gona za ta kasance in ba bayan kamfanin ba? Na sa mu huɗu muka ɗinka ankon shunayya don ɗaukar hoto. Rakiya ta ce mu ɗauki tasi, na ce, "Khalas, magana ta ƙare, bas za mu hau, na san hanya."

Ranar hutunmu ɗaya ce, Juma'a. Muka sauka daga bas, muka taka cikin zafin Agusta da takalma masu tsini. Sito da kwantena muka tarar, ko ciyawa babu.

Mai gadin, wani ɗan Nijar, ya dube mu sama da ƙasa. "Madam, bikin wa ake?"

Na nuna masa kwalin. Dariya har da riƙe ciki. "Wannan ai Faransa ce!"

Tun ranar suke kirana Direbar Faransa. Su yi ta yi. Juma'a mai zuwa gonar shanu zan kai su, na ga hotonta a gwangwanin madara.