Kwamfuta Mai Lamba Uku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe ɗakin kwamfuta a makarantarmu ta Funtua ba. Ni ne malamin kwamfuta (gaskiya Hausa na karanta, amma da yake ni nake buga takardun jarrabawa, sai shugaban makaranta ya ɗora min). Alhaji Sani, babban dillalin auduga, shi ya sayo mana na'urorin daga Kano, kuma ga shi zaune a sahun gaba da jama'arsa.

Na sha babbar riga, ga lasifika a hannu, ina ta zuba bayani. Sai wata ɗaliba, Hafsatu, ta ɗaga hannu.

"Malam, me ya sa ake kiran ma'ajiyar kwamfuta C? Ina A da B suka shiga?"

Wallahi tun da nake ban taɓa tambayar kaina ba. Amma a gaban iyayen yara in ce ban sani ba? Na gyara hula, na yi gyaran murya.

"Ai kamar auduga ce," na ce. "Akwai lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku. A da B Turawa ke riƙewa a ƙasarsu, C suke turo mana."

Aka kaure da tafi (har ni kaina amsar ta burge ni). Alhaji ne kaɗai bai tafa ba. Ya miƙe a hankali.

"Malam, wato lamba uku aka sayar min? Ni?"

Kafin in yi gyara ya kira injiniyan da ya haɗa masa kayan a waya, ya karɓe lasifikar hannuna ya kanga wa wayar, wai kowa ya zama shaida. Injiniya ya gama shan faɗa, sannan ya fashe da dariya.

"Haba Alhaji! Tun shekarun saba'in wata tsohuwar manhaja mai tafiyar da ƙananan kwamfutoci ta raɗa wa ramukan faifai suna A da B. Wata manhajar, DOS mai baƙin allo, ta zo ta kwaikwaye ta. Da ma'ajiyar ciki ta iso, ta tarar an riga ta, sai ta ɗauki C. Ko a Amurka C ce. Amma don Allah wanda ya faɗa maka wannan, kar a bari ya taɓa kwamfutocin nan."

Alhaji ya dube ni, ya dubi wayar.

"To ai shi ne malamin."

Dariyar da aka yi, har masu keke napep da ke bakin ƙofa sai da suka leƙo. Aikina dai ya tsira, don Alhaji da kansa ya roƙa min, ya ce a tura ni kwas.

Tun daga ranar na gane "bari in bincika" ba ta kashe malami. In kuwa dole sai ka shara ƙarya, fara duba ko akwai mai kati a wayarsa.