Mai Tsari da Kurakurai Ashirin da Uku

Akwai wani babban mutum da nake haɗuwa da shi kullum a madubi, kuma ya kamata duniya ta san da zamansa. Mataimakin shugaban sashen tsare-tsare ne, ba shugaban ba, amma in yana gabatar da kansa yakan haɗiye kalmar farko. A gida Mai Tsari ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan.

Duk lokacin hutu iyalinsa sukan kalli wani tsohon fim na barkwanci, labarin wani magidanci da ya kwashi iyalinsa a mota zuwa wurin mahaifiyarsa, komai ya jagule masa a hanya. Fim ɗin ya girme wa 'yarsa ta fari, amma har yau dariya suke yi har da riƙe ciki. Mai Tsari ba ya dariya, nazari yake yi. Yakan zauna da biro da littafi, ya tsayar da fim ɗin ana tsakiyar jin daɗi.

"Ku duba nan," in ji shi. "Bai gwada iskar taya ba. Wannan ba abin dariya ba ne, rashin tsari ne. Ni da za ku ga na yi haka, ku daina kira na Baba."

Da haka ya tara wa bawan Allah kurakurai ashirin da uku, kowanne da lambarsa.

Bana sai ya ce zai nuna musu yadda ake tafiya. Za su je wurin Inna, mahaifiyarsa, tafiyar awa huɗu. Ya buga jerin kurakuran a ofis, ya manna a gaban mota. Taya an gwada. Mai an cika. Makullin gida an ba maƙwabciya. Ya ma ware minti bakwai na tsayawa kama ruwa, ya tsaya da agogo a hannu.

Suka isa ƙarfe goma sha ɗaya daidai, kamar yadda takarda ta ce. Ya fito ya gyara wuyan riga.

"Uwargida, ki shaida. Ashirin da uku, ko ɗaya ban taka ba."

"Na shaida," in ji ta. "To wannan kwaɗon fa?"

Ƙofar Inna a kulle take. Wani tela da ke ɗinki a gefen gidan ya ɗago kai ya ce, "Ai tun da safe ta shiga mota. Ta ce ta gaji da jira, za ta je ta ga ɗanta."

Ashe a hanya suka yi saɓani. Mai Tsari bai yi mata waya ba, domin mutumin fim ya yi wa tasa uwar waya. Tunda ba kuskure ba ne, bai shiga littafi ba.

Suka juyo gida, wata tafiyar awa huɗu. 'Yar fari ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi, na kuwa san haka sarai, don ni ke riƙe da sitiyari.

Suka tarar da Inna a falo, maƙwabciya ta buɗe mata, ta kuma kunna mata fim ɗin don kada kaɗaici ya dame ta. Tana dariya tana share hawaye da bakin zani. Mai Tsari ya durƙusa zai gaishe ta, ta ɗaga masa hannu.

"Dakata tukuna, kada ka tsare mini. Ka ga yaron nan? Shashasha ne na gaske, amma Allah ya yi masa albarka. Dubi, ya iske uwarsa a gida."