Shingen da ke Kan Alhaji Sallau

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar ƙofar gidan Alhaji Sallau ya sha labarin shinge, ko yana so ko ba ya so. Mutumin ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin duba kaya a wani shingen kan iyaka, kuma tun da ya yi ritaya ba shi da wata hira sai ta zamanin kaki. In ka ce masa jiya an yi ruwa, sai ya ce ai bai kai na ranar da ya tsare motar atamfa ba. Da abu ɗaya yake rufe zance kullum: a shingensa ko allura ba ta wucewa sai ya juya ta ya ga bayanta.

Da zafin bana ya tsananta, ciwo ya kayar da shi. Abin ya fara da zazzaɓi da sarawar kai, ya aika kemis aka sayo masa kafso, ya yi ta haɗiya babu sauƙi. Ranar da wuyansa ya sanƙare har haske ma ba ya son gani, matarsa Hajiya Tabawa ta daina neman shawararsa, ta sa aka cicciɓe shi sai asibiti. Sanƙarau ne. Ya yi kwanaki bai san wanda ke kansa ba, Hajiya na gefen gado da carbi, ta rame kamar ita ce mai jinyar.

Allah ya sa da sauran shan ruwa. Ya farfaɗo, ya fara shan kunu, bakinsa ya dawo. Da bakin ya dawo kuwa sai rigima ta dawo, don ashe jarumin kan iyaka allura yake tsoro. Da ya hango nas ta nufo shi da tire sai ya juya fuska bango ya hau salati. Ya kafe shi gida zai tafi, a rubuta masa ƙwayoyi ya ƙarasa a ɗakinsa. Hajiya ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta yi hawaye, ya ce takalmansa kawai yake so a miƙo masa.

Ana cikin haka Alhaji Nomau ya shigo dubiya. Taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, tsohon falke da ya yi shekaru yana ƙetare iyaka da shanu ta shingen Sallau ɗin. Tun suna yara ba sa haɗuwa a rabu lafiya.

Nomau ya ja kujera ya ce, "Bawana, an ce ka kusa tafiya ba ka yi mini sallama ba."

"Ina zan tafi in bar ka ba ubangida? Zo ka taya ni magana, mutanen nan sun mai da hannuna rariya."

Hajiya dai ta fita ta kira likita. Dakta Zuwaira yarinya ce, sa'ar 'yarsa ta biyu, ba ta da hayaniya. Ta tsaya ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi aikin da ya yi kafin ya huta. Hajiya ta runtse ido, don ta san an taɓo inda ba a gamawa. Sai da ya kai ga motar atamfa likitar ta samu ta tsoma baki.

"To Baba, kai ne ma za ka fi kowa gane bayanin. Ƙwaƙwalwar mutum ita ma tana da shinge tsakaninta da jini."

Sallau ya gyara zama a kan filo. "Shinge? A cikin kaina?"

"A cikin kan kowa. Jini yana yawo da kaya iri-iri, mai kyau da marar kyau. A sauran jiki ƙananan jijiyoyin jini suna da 'yan kafofi, kaya na fita ba wuya. Amma waɗanda ke cikin ƙwaƙwalwa bangonsu a manne yake gam. Iskar da ka shaƙa ta wuce, sukarin da ƙwaƙwalwa ke ci yana da ƙofarsa, saura kuwa yawanci a mai da su baya. Da haka Allah ya kare ta daga dafi da ƙwayoyin cuta."

Wani daɗi ya kama Sallau. Ya dubi Nomau ya ce, "Ka ji ko? Aikin har cikin kai."

Nomau ya ce, "Na ji. To likita, in shingen kirki ne, ta ina sanƙarau ya bi?"

"Wasu ƙwayoyin cutar sun iya fasa-ƙwauri," in ji ta, tana murmushi.

"A yi mini shaida, ba a lokacin aikina ba ne, ina barci," in ji Sallau.

Likitar ta ci gaba. Ta ce matsalar ita ce shingen bai san magani ba, shi duk baƙo baƙo ne. Kafson da ya yi ta sha a gida, abin da ya isa inda cutar take bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa ake zaɓen maganin da zai iya ƙetarewa, a ba shi da yawa, ta jijiya. Ta ce lokacin da ciwon ya yi tsanani shingen ya ɗan saki, magani na samun hanya. Yanzu da sauƙi ya fara samuwa ya soma komawa yadda yake, ga shi kuma cutar ba ta gama mutuwa ba.

"In ka tafi gida yanzu, Baba, ciwon na iya dawowa, kuma yakan tafi da jin mutum, wani lokaci har da ransa."

Sallau ya saci kallon Hajiya, ya ga yadda zoben hannunta ke yawo a yatsa. Ya daɗe yana shafa gemu. Can ya miƙa hannun da ake yi wa allurar, ya ce shi bai taɓa raina ma'aikacin da ke kan aikinsa ba, in dai shinge ne ya ce sai ta wannan hanya, to a bi doka. Hajiya ta sauke ajiyar zuciya, ta tura takalman can ƙarƙashin gado da ƙafa.

Nas na shirya allura sai Nomau ya zaro farin goro daga aljihu ya ɓantara. Ƙarar kawai Sallau ya ji yawunsa ya tsinke, ya juya ga likita.

"'Yata, wannan fa? Rabona da shi tun ina gida."

"A ɗan ƙara haƙuri, Baba, barci muke so ka samu."

"Shi ma ai shingen zai tare shi."

"Ina fa. Abin da ke cikin goro, wanda ke kore barci, ba ya ko tsayawa. Kai tsaye yake shigewa ƙwaƙwalwa, ba mai tambayarsa daga ina."

Nomau ya dakata da tauna. Ya dubi Sallau, ya dubi allurar da ke hannun nas, sannan ya juya ga likita da fuskar tausayi.

"To likita, me ya kawo duk wannan wahala? Ku damƙa wa maganin ɗan goro ya riƙe a hannu mana. Mu da haka muka yi ta wuce shingen Sallau har ya yi ritaya."