Laftof ɗin Oga Pwajok

Idan ana lissafin manyan mutanen da Allah ya albarkaci garin Jos da su, wajibi ne a fara da Oga Pwajok, in ba haka ba shi da kansa zai miƙe ya gyara lissafin. Mutum ne mai hangen nesa. Bayan ya yi ritaya daga aikin gwamnati, inda ya shafe shekaru yana gadin kujera don kada ta gudu, sai ya buga kati mai ɗauke da sunansa da muƙamin Mashawarci Kan Harkokin Zamani. Ba wanda ya taɓa neman shawararsa, amma shi mai kyauta ne, yana bayarwa ko ba a roƙa ba. Gidansa yana Jos Jarawa. In baƙo ya tambaye shi, sai ya ce "ta wajen Rayfield," unguwar masu kuɗi, domin yana da aboki a can. 'Yan unguwa suna kiransa Oga Dijital, shi kuma yana amsawa da ɗaga hannu, don ya ɗauka sarauta ce.

Matarsa Lai'atu ce ke riƙe da gidan. Tana da ɗan shago a kasuwar Terminus inda take buga katin biki da takardun coci, tana kuma yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Tsohuwar kwamfutar shagon, mai gurnani kamar injin niƙa, ta mutu daidai lokacin da bukukuwan ƙarshen shekara suka kankama. Lai'atu ta ɗauki adashinta ta tsara abinta: kwamfutar tebur mai ƙarfi don shago, abin da ya rage kuma a saya wa 'yarsu Fibi 'yar ƙaramar laftof ta hannu. Fibi tana shekarar ƙarshe a jami'a, kuma a waya take rubuta aikin kammala karatunta, har yatsunta sun fara kumbura.

Kuskuren Lai'atu ɗaya ne. Ta faɗi shirin a gaban mijinta.

Oga Dijital ya kira taron gaggawa a falo, ya tsaya a tsaye ko da yake mutum biyu ne kawai masu sauraro.

"Maman Fibi, ke kina tunanin shago, ni ina tunanin duniya," in ji shi. "Kwamfutar tebur kayan mutanen da ne. Tana zaune wuri ɗaya kamar randa. Wa zai gan ta? Laftof ɗaya mai ƙarfi za mu saya. Da safe ta yi aikin shago, da yamma ta yi wa Fibi, ni kuma in sadaukar da lokacina in sa mata ido."

Lai'atu ta tambaya yadda za a yi ranar da shago da Fibi suka buƙace ta lokaci ɗaya. Ya ce wannan matsalar tsari ce, tsari kuwa fanninsa ne. Ya ƙara da cewa shi zai je sayen, domin 'yan kasuwa suna cutar wanda bai san kan na'ura ba.

Mai shagon kwamfutocin, wani Ifechukwu, kallo ɗaya ya yi masa ya san Kirsimetinsa ta zo da wuri. Ya kira shi Ciyaman, ya goge masa kujera, ya sauko da wata ƙatuwar laftof ta masu wasan gem, mai nauyi kamar dutsen niƙa, wadda maɓallanta ke canza launi daga ja zuwa kore zuwa shuɗi. Oga Pwajok ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa kamar mai zaɓen kankana, ya gyaɗa kai, ya ce ya ji ingancin. Adashin Lai'atu ya tafi gaba ɗaya, har da ƙarin jakar fata.

Safiya ɗaya laftof ta yi a shago. Daga nan aikin sa ido ya fara. Ta je taron suna. Ta je gaban banki ranar biyan fansho. Ta je gidan makoki, inda Oga Dijital ya buɗe ta a cinya, fitilunta suna walƙiya a fuskar matar mamaci, shi kuma yana zagaya 'yar kibiyar nan a sikirin yana ɓata fuska kamar mai sasanta ƙasashe. Batirinta ba ya daɗewa, saboda haka duk gidan da ya shiga, kafin gaisuwa sai ya tambayi inda soket yake. An taɓa cire firij ɗin wani gida don a ba shi wuri.

A Terminus kuwa, Lai'atu tana zaune gaban firinta da tsohon sikirin marar amfani, tana ba mutane haƙuri. Sumayya, wadda ta daɗe tana kawo mata aiki, ta jira katin bikin ƙanwarta har ta gaji, ta karɓi takardarta cikin ladabi ta tsallaka zuwa shagon da ke kallon nata. Wasu suka bi ta. Malamin da ke duba aikin Fibi ya gaya mata in ba ta miƙa kafin hutu ba, ta shirya maimaita shekara. Yarinyar ta zo gida ta yi kuka. Uban ya lallashe ta da cewa manyan masana duk da wahala suka yi karatu, sannan ya rataya jaka ya fita. Duk lokacin da Lai'atu ta kira wayarsa, amsa ɗaya ce cikin raɗa: yana miting.

Babbar ranarsa ta zo a taron ƙungiyar ci gaban ƙauyensu, wanda aka yi a wani zaure a Rayfield. Ana neman sabon shugaba, shi kuwa ya daɗe da ganin wanda ya dace a madubi. Ya kafa laftof a kan teburi, ya juya ta yadda kowa zai ga fitilun.

"'Yan'uwana, duk makomar ƙauyenmu tana cikin wannan na'ura," ya ce. "Hanya, asibiti, kasuwar dankali, komai na tsara. Zamanin biro da takarda ya ƙare!"

Don ya nuna ya ƙare ɗin, ya jefar da bironsa a kan maɓallan, ya rufe murfin da ƙarfin shugabanci. Aka ji ƙas. Da ya buɗe, makomar ƙauyen ta tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, baƙin tabo yana yaɗuwa a kanta kamar tawada. Aka zaɓi wani tsohon hedimasta.

Lai'atu ba ta yi hayaniya ba. Ta karɓi laftof ta kai wa mai gyara, ya ce sai an yi odar sikirinta daga waje, kuma farashin da ya faɗa ya sa ta yi dariya. Sai ta sa aka jona ta da tsohon sikirin shago, aka ɗaure ta da teburi.

"Baban Fibi, ka gama naka yawon da ita," ta ce. "Nan za ta zauna. Ranar da ka taɓa ta, a gaban dattawan coci za mu ƙarasa maganar."

Haka na'urar duniya ta koma kwamfutar tebur. Ta Fibi kuwa babu kuɗinta. Kullum sai ta hau keke napep daga makaranta zuwa Terminus, ta jira masu katin biki su gama, sannan ta zauna. Da ƙyar ta miƙa aikin. Sumayya ba ta dawo ba.

Oga Dijital ya sanar da unguwa cewa da ma haka ya tsara: na'ura ɗaya, aiki biyu. Ya kuma bar mutane su fahimci cewa ya sayi wata sabuwa, domin jakar fata ba ta bar kafaɗarsa ba, kuma tana nan da nauyinta.

Ranar Lahadin godiya, coci ya cika, layi ya yi tsawo a ƙofa inda masu tsaro ke duba jakunkuna. Da aka zo kansa, sandar bincike ta yi ƙara. Mai tsaron ya ce a buɗe. Oga Pwajok ya tambaye shi ko ya san da wa yake magana, ya bayyana masa cewa na'ura ce mai tsada wadda iska ma ke iya lalatawa. Mai tsaron ya ce ya ji, amma a buɗe. Aka zuge zif, aka warware tawul, aka ɗaga abin sama don kowa ya tabbatar ba haɗari. Tiren ƙarfe ne mai zanen furanni.

Lai'atu tana bayansa a layi tare da matan zumunta. Ta leƙo ta dubi tiren.

"Ashe nan yake. Ni kuwa har na daina gaisawa da maƙwabciyata a kansa," ta ce. "Riƙe shi da kyau, Baban Fibi. Bayan sujada za a raba shinkafa, muna neman mai ɗauka."