Kwamanda da Giwarsa Mai Ƙafa Shida

Duk wanda ya ce jarumai sun ƙare a duniya, to bai taɓa ganin Kwamanda yana fitowa daga gida da safe ba. Ƙirji a gaba, haɓa a sama, sanda a hammata, takalmi yana ƙyalli kamar an lashe shi. Ko kajin unguwa sun san takunsa. Mutum ne da aka halitta domin fagen daga, sai dai an samu ɗan kuskure wajen rabon aiki, ya yi shekara talatin da biyu yana buga hatimi a ofishin ajiye fayil.

Ba laifinsa ba ne. Ya je shiga soja yana saurayi. A layin gwajin lafiya ma'aikaciyar jinya ta zaro allura, shi kuma ya farka a gindin bishiya ana yi masa fifita da hular wani. Har gobe in ya ba da labarin, cewa yake janyewa ya yi bisa dabarar yaƙi. Sunan Kwamanda kuwa shi ya raɗa wa kansa ranar da ya yi ritaya, da ya lura hukuma ta sha'afa.

Abu ɗaya ya rage wa wannan bawan Allah ya cika: abin hawa daidai da girmansa. Ƙaramar motar da yake da ita ba ta dace da shi ba, in ya shiga gwiwarsa har haɓa take kaiwa. Saboda haka da ya ji za a yi gwanjon tsofaffin motocin soja, bai yi shawara da kowa ba, don manyan kwamandoji ba sa shawara da farar hula. Ya sayar da ƙaramar, ya sayo babba.

Ita dai ƙaramar motar nan, da ita matarsa take kai ɗinki. Tela ce, kekenta uku a ɗakin ƙofar gida, kuma ita ke ɗinka kayan makarantar wata babbar firamare a can ƙarshen gari. Tana cikin yanka yadi ta ji ƙasa tana rawa. Ta leƙo da almakashi a hannu, sai ga wani dutsen ƙarfe mai taya shida, koren fenti duk ya ɓamɓare, tamfol ɗin baya yana lilo kamar tsumma. Motar ba da ƙafarta ta zo ba, jawo ta aka yi. Kwamanda yana zaune a sama riƙe da sitiyari, yana murza shi da muhimmanci, ko da yake tayoyin gaba a rataye suke a iska.

Maƙwabta suka taru. Kwamanda ya miƙe a kan matakalar ƙofa, ya gyara murya.

"Jama'a, ku buɗe ido ku ga tarihi. Wannan da kuke gani, sunanta Giwa. Ta ga wuta, ta ga hayaƙi, ta ratsa koguna, ta hau duwatsu. Maza sun yi kuka a bayanta. Daga yau tsaron wannan layi ya dawo hannun masana."

Aka tafa, don mutanen layin suna da kirki. Da ya gama jawabi ya duba ƙasa, sai ya ga ashe ƙasa ta yi nisa. Ya miƙa ƙafa ɗaya, ya mayar. Ya miƙa ɗayar, ya mayar. Sai da mai shagon kusa ya kawo tsanin da yake sauko da kwalayen sabulu da shi, sannan tsaron layi ya samu ya taka ƙasa.

Giwa ta ƙi shiga ƙofar gida. Kwamanda ya auna ƙofa da sandarsa, ya auna Giwa, ya yanke hukunci cewa ƙofar ce ba ta da tarbiyya. Aka rushe ta, har da rabin katanga da bishiyar lemon da matarsa ta shekara bakwai tana ba ruwa.

Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a kan ɓaraguzan katanga ta ce, "Baban yara, saura mako shida a koma makaranta. Riga ɗari huɗu zan kai. In ranar ta zo wannan abar ba ta tashi ba, masu sayen tsohon ƙarfe zan kira su yanka ta gunduwa-gunduwa, kana kallo."

"Sashen ɗinki ya kwantar da hankalinsa," in ji Kwamanda. Amma ya san ba ta faɗin abu sau biyu.

Aka kira ƙaninta, bakanike ne, mutum mai furfura a gemu da baƙin mai a farce, wanda ya shekara talatin a ƙarƙashin manyan motoci. Nan take Kwamanda ya naɗa shi Babban Injiniyan Runduna. Bakanike ya buɗe bonet, ɓeraye goma sha suka yi fareti suka fice. Ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce, "Yaya, injin nan da ransa. Amma lagireto ya zama rariya, batir biyu take ci kuma duka sun mutu, bututun birkin iska ɓera ya yi kalaci da shi. Wa ya ce ka saya?"

"Kishin ƙasa," in ji Kwamanda.

"To kishin ƙasa ya miƙo mini sifana mai lamba sha tara."

Mako uku suna fama. Wato bakanike yana fama, Kwamanda yana duba aiki. Ya sayo rigar gareji sabuwa fil, ya sa aka yi mata guga, kuma duk ranar Allah ba ta taɓa ganin ɗigon mai ba. Yakan zagaya motar hannu a baya, ya ƙwanƙwasa taya da sanda, ya ce, "Madalla, a ci gaba." Da ya gano motar ba ta da makulli, wani ɗan maɓalli kawai ake murɗawa, sai ya tara yaran layi da iyayensu ya yi musu bayani cewa motar jarumai ba ta tsoron ɓarawo. Da la'asar aka gan shi ya sayo sarƙa da kwaɗo ya ɗaure sitiyari.

Ranar da injin ya tashi, Giwa ta yi tari sau uku, ta yi atishawa, ta saki wani baƙin hayaƙi da ya rufe tsakar gida. Da hayaƙin ya washe, fararen riguna sittin da ke kan igiya sun koma ruwan toka. Kwamanda ya ce a yaƙi dole a yi asara. Shi ya wanke su da hannunsa, a bayan gida inda ba mai gani, yana kiran abin aikin sirri.

Sai koyon tuƙi. Giyar Giwa ba ta shiga sai an taka kuloci sau biyu, kulocin kuma sai ka ce ana taka buhun siminti. Bakanike ya kai shi wani fili, ya nuna masa sau ashirin. Kwamanda ya ƙware ƙwarai a giya ta ɗaya. In ya nemi ta biyu, sai motar ta yi wani ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ta ja da baya. Daga ƙarshe ya sanar cewa shi da gangan yake zama a ta ɗaya, domin babban mutum ba ya gaggawa.

Saura kwana tara, suka je ofishin duba lafiyar motoci neman izinin hawa titi. Jami'ar da ta fito wata 'yar siririya ce mai tabarau, da allon rubutu a hannu. Kwamanda ya sara mata, ya soma ba ta tarihin Giwa. Ta bar shi ya kai wajen ratsa koguna, sannan ta ce, "Baba, kunna sigina."

Babu sigina.

"Fitilar birki fa?"

Akwai wasu 'yan fitilu masu kama da idon kyanwa, waɗanda aka yi su musamman don kada a gan su.

"Don kada abokan gaba su hango mu," in ji Kwamanda.

"Nan so muke a hango ku," in ji ta, tana rubutu. Madubi biyu manya. Bel na kujera. Sigina gaba da baya. A cire wannan zoben ƙarfe na kan rufi da ake ɗora bindiga. Sannan ta ɗago kai. "Fentin nan ma ba zai zauna ba. Farar hula ba ya yawo da launin soja."

"Farar hula?" Kwamanda ya waiga bayansa ya ga da wa take. Ba kowa sai shi.

Ya yi kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Zoben bindigar nan, nan ya yi niyyar tsayawa yana ɗaga wa jama'a hannu. Mai walda ya yanke shi cikin minti goma, matarsa ta ɗora tukunyar fure a kai. Amma babban mutum ba ya daɗewa a ƙasa. A rana ta uku ya tashi da sabon tsari.

"Sun ce a hango mu," ya gaya wa bakanike. "To za a hango mu. A yi mata fenti ruwan lemo mai haske, wanda makaho ma zai ji a jikinsa. A yi mata ratsin fari da ja a baya. A ɗora fitila mai juyawa a kan rufi. Tunda sun hana jiniya, a sa mini ƙararrawa mai kiɗa. Tamfol ɗin nan a yar, a ɗaga bangon bodi da farantin ƙarfe, a bar sama a buɗe."

Bakanike ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi yayarsa. Ta girgiza masa kai kaɗan. Ya rufe bakinsa, ya ce, "An gama, Yaya."

Jami'a ta ba da takarda. Ranar komawa makaranta, da hantsi, Giwa ta fito tana walƙiya kamar an kunna mata wuta a ciki. Kwamanda ya sa riga mai aljihu huɗu da baƙin tabarau. Matarsa ta ƙi yarda a sa ɗinkinta a baya, ta cusa ƙullin riguna a gaba, wasu a ƙarƙashin ƙafa, wasu a cinya, har sai idonta kawai ake gani. Ya kunna fitila mai juyawa, ya kunna ƙararrawa, ya sa giyarsa ta ɗaya, suka kama hanya da saurin mai tallan kayan miya.

A layinsu an tafa. Amma abin mamaki sai da suka shiga unguwannin da ba a san shi ba. Tun daga nesa mutane suka ji kiɗan ƙararrawa, suka leƙo, suka koma ciki da gudu, suka sake fitowa. Mata da bokitai, maza da buhuna, wani har da baro. Suna ɗaga hannu, suna kira, suna bin motar a guje.

Idon Kwamanda ya ciko da ƙwalla. "Kin gani? Kin gani da idonki? Shekara talatin da biyu ina gaya miki jama'a sun san mutum."

Matar ta dubi madubin gefenta, sabo, babba, wanda ke nuna komai. Ta ga bokiti na farko ya tashi sama ya juye a cikin bodi. Ta ga na biyu. Ta gyara zaman ƙullin da ke cinyarta ta ce, "Ina gani, Baban yara."

Shi nasa madubin ya karkatar da shi tun a gida yadda zai riƙa ganin fuskarsa. Yana jin dum, dum a baya, ya ce jama'a ne ke buga jikin mota don ƙauna. Wata tsohuwa ta riƙo ƙofa tana haki ta ce, "Allah ya yi muku albarka, ɗana! Wata uku muna jiran ku!"

"Mun iso, Iya, mun iso!" Ya sara mata. Ya juya ga matarsa. "Wata uku. Tun kafin in saye ta ma suna jira."

Layi bakwai suka ratsa. A kowane layi ya rage gudu, in ana iya rage abin da babu, don kowa ya samu rabonsa na ganinsa. Giwa ta soma nishi, wani wari ya soma shigowa ta taga. Kwamanda ya shaƙa ya ce warin baruda ne da ya kama jikin ƙarfe, ba ya fita.

A ƙofar makaranta akwai maigadi, wani dogon tsoho mai tabo a kunci. Yana ganin motar ya miƙe tsaye, ya zo ya tsaya a gabanta, ya ƙura wa wata lamba da ke buge a jikin bamba, ƙarfen gaban motar, ido. Sai ya haɗa ƙafa, ƙas, ya ƙame, irin ƙamewar da ba a koyon ta a gaban madubi.

Kwamanda ya kusa faɗowa don sauri. Ya sauko ta sabon tsanin da ya sayo, ya mayar da gaisuwa. "A huta, soja, a huta. Ka gane manya, ko?"

"Na gane ta, ranka ya daɗe," in ji maigadi. Ya shafa bamba kamar mai shafa kan jika. "Ko a mafarki na ga lambar nan na san ta. Shekara tara ni ke tuƙa ta a bariki."

Malamai sun fito karɓar riguna, iyaye sun tsaya da 'ya'yansu. Kwamanda ya ga taro ya samu. Ya ɗaga sanda ya ce, "Ku matso ku ji daga bakin wanda ya gani! Faɗa musu, soja. Faɗa musu fagen da ta shiga."

Maigadi ya zagaya baya. Kwamanda ya bi shi, taro ya bi su. Bodi ya cika maƙil har ya yi tozo: ɓawon kayan marmari, tsofaffin katifu, gwangwanaye, ledoji, wata matacciyar fanka, ƙudaje suna shawagi a sama. Wani ruwa yana ɗiga a kan sabon ratsin fari da ja.

Tsohon sojan ya dubi tulin, ya share ƙwalla da bayan hannu.

"Ba ta taɓa fita ƙofar bariki ba, ranka ya daɗe. Shara muke kwasa da ita, safe da yamma. Allah sarki, ashe har yau ba a canja mata aiki ba."