Iya Tabawa Ta Ƙi Miƙewa

A wani daji na bakin fadama akwai wata fakara da ake kira Iya Tabawa, wadda ba ta da sana'a sai kwanci. Duk zabuwar da maharba suka ɗauke ta bar ƙwai, Iya Tabawa ce ke mirgino su gindin sabararta ta hau kai. Ba wanda ya sa ta, ba kuma mai ce mata sannu. Damuwarta ɗaya ce, gindin sabarar nan kwari ne, kuma bara ruwan farko ya tafi mata da 'yan tsaki tana ji tana gani. Har yanzu in ta hango hadari gabanta faɗuwa yake.

Ana nan sai tsohuwar beguwa ta rasu, ta bar kogonta na gindin kuka, busasshe, a kan tudu. Majalisar daji ta zauna. Shugabanta, Malam Barmo gauraka, dogo mai son a ji muryarsa, ya gyara tsayuwa.

"Jama'a," in ji shi, "kogo ɗaya ne, masu so da yawa. Za mu ba wanda ke yi wa daji aiki. Amma ba ma son ɗan a-ba-ni. Muna neman wanda ya tsaya da ƙafafunsa."

Shi dai nufinsa mai ƙoƙarin kansa. Amma kafin maganar ta zaga daji ta zama doka: mai neman kogo sai ya zo ya miƙe tsaye gaban majalisa ya yi bayani. Malam Barmo ma da ya ji ta a haka, sai ta fi yi masa daɗi.

Kai, ranar an ga tsayuwa! Dila ya miƙe har a kan ƙafa biyu. "Ranku ya daɗe, ni marayun tsuntsaye ne ke hana ni barci. Ku ba ni kogon nan, a riƙa kawo mini su, ba wanda zai sake jin kukansu." Aka yi ta gyaɗa kai, don gaskiya ya iya magana.

Gwaggo Hajo kunkuru, wadda ta fi kowa tsufa a majalisar, ita ta ja jiki ta gangara kwari.

"Tabawa, ke ba za ki je ba?"

"Gwaggo, in je in bar wa wa ƙwan nan? In na ɗaga, sanyi ya shige su, shi ke nan."

"To kogon zai tafi hannun Dila."

Iya Tabawa ta dubi gabas, inda gari ya fara haɗewa. Wallahi tana son kogon nan kamar ta yi kuka. Ta ɗan ɗaga ƙirji, ta ji iska ta ratsa ƙarƙashinta, ta koma ta lafe.

"Ba zan iya ba, Gwaggo. Ki ba su haƙuri."

Gwaggo Hajo ta koma ta ce ita kam ba za ta sa baki a zaɓe ba sai an gangara kwari. Da yake ba a yanke magana sai da ita, kuma kowa ya san taurin kanta, majalisa ta bi ta ana gunaguni.

Malam Barmo ya tsaya a kan Iya Tabawa. "Baiwar Allah, mun zo har gida. To, miƙe ki yi bayani."

"Malam, ka yi haƙuri, ka rage murya. Ɗaya ya fara ƙwanƙwasa."

"Wa?"

"Sunkuyo ka ji."

Wuyansa bai kai ba, dole ya naɗe dogayen ƙafafun nan ya gurfana a ƙasa. Sai ga shi, ƙas, ƙas, ƙas, ɗan ƙaramin baki yana neman hanya. Malam Barmo ya kasa kunne. Shi ma a cikin ƙwai ya taɓa zama, ya daɗe dai da mantawa.

"Uwarsa fa?" ya tambaya a hankali.

"Tarko ya kama ta," in ji Iya Tabawa.

Ba wanda ya sake zancen miƙewa. Majalisa ta zazzauna a kwarin nan har ɓawo ya tsage, ɗan tsako ya fito jiƙe sharkaf, ya faɗa kan yatsun shugaba. Dila ya matso wai zai yi barka, Gwaggo Hajo ta tare shi da ƙoƙon bayanta.

Nan take aka ba Iya Tabawa kogon. Kafin ruwan farko ya sauka, ta haura tudu da 'yan zabinta a baya, suna tuntuɓe suna tashi. Ƙwai ɗaya bai fashe ba. Shi ma ta mirgina shi har cikin kogo, ta ce ba za ta bar wa ruwa ko shi ba. Da aka fara yayyafi ta ƙirga kawuna da baki, ta yi kuka, na daɗi.

Majalisa kuwa ta ce ta ɗauki darasi. Da shekara ta zagayo ta kafa sabuwar doka, duk mai neman tallafi sai ya yi bayani a zaune. Dila ne ya fara isowa, da tabarmarsa.