Zakarana da Azumin Madam Rozin

Ba zan taɓa mantawa da zuwan Madam Rozin gidanmu a Maijirgi ba, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. 'Yar Togo ce, Kirista, lakwal ɗaya, wato makarantar boko, suke koyarwa da maigidana. Shi ya gayyato ta, ya faɗa mini a tsaitsaye: "Suna Karem, azuminsu. Ba ta cin nama hwa."

Na ce to. Na kama zakaran da na yi wata bakwai ina kiwo, na sa aka yanka. (A kaina, nama shi ne na mahauta, kaza kuwa kaza ce.) Surukata ta ce, "Kin dai tambaye ta?" Na ce, "Haba Inna, baƙo bai taɓa fita gidan nan da yunwa ba." Wannan baki nawa!

Da Madam ta zo na ajiye mata abinci, ta buɗe kwano ta mayar ta rufe. "Pardon, uwargida, kaza ma nama ce. Ni ko ba Karem ba, ba na cin abin da aka yanka." Ruwa kawai ta sha. Inna ta watso mini wani kallo, wanda da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na rantse sai na wanke kaina. Maigida ya ce ai kwaɗon zogale ne abin sonta, kullum shi take saye a lakwal. Juma'a ta zagayo na sake kiranta, har maƙwabta na tara su shaida. Zogale, ƙuli-ƙuli, albasa, tattasai. Ko dunƙulen miya ban saka ba, don akwai hoton kaza a takardarsa.

Baiwar Allah ta dubi kwanon ta haɗiye yawu. "Tunda dama ba na cin nama, limaminmu na coci ya ce in bar abin da na fi so har azumi ya wuce. Zogale na bari."

Na juya na dubi maigida. Yana sosa ƙeya ya ce, "Ashe shi ya sa kwana biyu ban ganta da shi ba." Wallahi don idon mutane ne kawai ban kifa masa kwanon a ka ba.

Inna ta miƙo hannu. "Kawo nan, ɗiyata, mu ba mu Karem. Ɗebo wa baƙuwarki ruwa, kada ta hita da yunwa."

Tun ranar na daina karɓar saƙon abinci daga bakin namiji. Ko dutse baƙo ya ce ba ya ci, sai na tambaye shi da kaina: wane iri?